Sai Yaushe Ɗalibin Larabci Zai Karanta Littafin Da Ba A Biya Masa Ba?



Dukkan yabo da godiya na Allah ne. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

'Yan uwa, darasinmu na yau na malaman Larabci ne a Islamiyyu da sakandare, da iyayen yara, da su kansu ɗalibai. Malamin Turanci ko na Hausa ma in ya karanta zai ga nasa a ciki, domin ciwon iri ɗaya ne.

Ga ciwon. Yaro zai yi shekara shida a Islamiyya, ya ƙara shida a sakandaren Larabci. Ya haddace Ajuruma, ya san alamomin i'irabi, in ka tambaye shi ma'anar fa'ili zai zubo maka ita babu gargada. Ya ci jarrabawa, an yi walima. To miƙa masa littafin da bai taɓa gani ba, marar wasali, ka ce ya karanta layi uku ya gaya maka abin da ake nufi. Amsar da na sha ji a nan Boɗinga da kewaye ita ce: "Malam, ba a biya muna wannan ba." Ita wannan amsa ita ce abin dubawa. Yaron ba daƙiƙi ba ne. An dai saba masa cewa ma'ana tana bakin malam ne kawai, shi aikinsa ya karɓa ya riƙe. Ranar da malam ba ya nan, karatu ya tsaya.

Kada mu ɗauki wannan ƙaramin abu. Wanda ya yi shekara goma sha biyu yana Larabci amma ba ya iya buɗe littafi ya duba, shi ne gobe za a turo masa guntun bidiyo a waya, wani ya ɗaga littafi ya ce ga abin da malami wane ya faɗa, shi kuma ba shi da hanyar tabbatarwa. Ko ya gaskata ko ya ƙaryata, duka da ka zai yi. Kuma shi ne za a ba limanci a ƙauyensu saboda ana ganin ya yi karatu.

Abin da magabata suka gane

Ibnu Haldun, wanda ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayanin wannan ciwo a Muƙaddima tun kafin a haifi kakanninmu. Ya bambance tsakanin sanin ƙa'idojin harshe da mallakar harshen kansa, abin da ya kira malaka. Ya kwatanta wanda ya san ƙa'ida kawai da mutumin da zai yi maka bayanin ɗinki dalla-dalla, yadda ake zura zare da yadda ake soka allura, amma in ka ba shi ƙyalle ba zai iya ɗinka komai ba. Ya kuma ambaci manyan masana nahawu da za a nemi su rubuta wa ɗan uwansu 'yar gajeriyar wasiƙa su cika ta da kurakurai. A wurinsa malaka ba ta samuwa sai da yawan maimaitawa da aiki da harshen. Ka ga wannan kuwa ba abin da malam zai yi wa ɗalibi ba ne. Ba a koya wa mutum iyo yana zaune a bakin gulbi.

Mu nan ba ma buƙatar tafiya nesa neman misali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa daga wajajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana nan Boɗinga, har ana yi masa laƙabi da Mai Boɗinga. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1812, Malam Abdullahi ya rubuta Ida'un Nusuh, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta a wurin kowannensu. Ya ambaci cewa bayan ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi ga yayansa Shehu, a wurinsa ya karanta Ishiriniya da Witiriyya da waƙoƙin mawaƙan jahiliyya shida, da Ajuruma da Mulha da Ƙaɗrun Nada. Ku lura da tsarin: ga ƙa'ida, ga kuma Larabci mai yawa da za a ga ƙa'idar tana aiki a cikinsa. Wannan bawan Allah bai taɓa zama a ƙasar Larabawa ba. Ko da ya yi niyyar tafiya gabas, a Kano ya tsaya ya dawo. Amma shi ne ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu, ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awil. Shin akwai malamin da ya zauna ya biya masa duk littafin da ya dogara da shi a tafsirin nan layi-layi? Malamansa sun ba shi mabuɗai ne, shi kuma ya ci gaba da buɗe ƙofofi.

Tsarin makarantunmu na da ma yana da wannan sirri. A makarantar allo yaro na fara girma shi ke rubuta allonsa, shi ke maimaitawa har ya iya, sannan ya zo ya biya a ba shi izinin wankewa. Kowa ya iya allonsa ya wanke, ba a jiran sai aji duka ya iya. A makarantar zaure kowane ɗalibi da littafinsa, da gwargwadon abin da zai iya ɗauka. Kafin ya zo ya yi muɗala'a, bayan ya tashi ya yi muraja'a, manyan ɗalibai kuma su maimaita wa ƙanana. Da muka koma aji da benci da ƙararrawa mun samu alheri mai yawa, amma a wurare da dama mun bar muɗala'a da muraja'a a zaure. Abin da ya rage shi ne malam ya rubuta a allo, yara su kwafa, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa.

Turawa masu binciken koyar da harsuna su ma sun iso wannan gaɓa. Wani malami a jami'ar Nancy ta Faransa, Henri Holec, a wani rahoto da ya yi wa Majalisar Turai wanda aka buga a 1981, ya bayyana cewa ɗalibi mai tsayawa da ƙafarsa shi ne wanda ke iya ɗaukar nauyin karatunsa: ya san inda ya dosa, ya zaɓi abin da zai karanta da hanyar da zai bi, ya riƙa bibiyar kansa, ya auna abin da ya samu. Wata malamar Turanci a ƙasar Denmark, Leni Dam, ta yi shekaru tun daga wajajen 1973 tana aiki da wannan a ajin yara na makarantar gwamnati, kowane yaro da littafin da yake rubuta abin da ya yi da abin da zai yi. Na kawo su ne don a san ba maganar zaure kaɗai ba ce. Amma mu muna da ita a gida tun kafin nan.

To ba wannan ne ke haifar da malaman kansu ba?

Na san wani zai ce: Malam, ai wannan ne muke kuka da shi. Yaro ya karanta littafi biyu a waya ya fara ba da fatawa yana raina manya. Ai malamai sun gargaɗi wanda ya mai da littafi shehinsa.

Gargaɗin gaskiya ne, kuma ina kansa. Amma mu bambance abu biyu. Akwai tsayawa da ƙafa a wajen kayan aiki, wato harshe: ka iya karanta nassi, ka nemo kalma a ƙamus, ka gane inda fahimtarka ta tsaya. Akwai kuma cin gashin kai a wajen hukunci da fatawa. Na farko muke nema. Na biyu yana da mutanensa da sharuɗɗansa, kuma ba a kai gare shi sai ta hannun malamai. A abin da na gani, masu ɗagawar nan galibi ba waɗanda suka iya karatu ba ne. Wanda ya taɓa kwana yana fama da jumla ɗaya ta Muhtasar, ya duba sharhi biyu bai fita ba, sai da safe malam ya warware masa ita cikin minti ɗaya, wannan ya san darajar malami. Wanda bai taɓa gwadawa ba shi ke zaton abin banza ne.

Kuma wannan hanya tana da asali a koyarwar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. A Buhari akwai hadisin da ya tambayi sahabbai wace itaciya ce take kama da Musulmi, ya bar su suna ta ambaton itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma ya ji nauyin manya ya yi shiru. Bai fara da ba su amsa ba. Haka mutumin da ya munana sallarsa: sau uku ana mai da shi ya sake, har sai da shi da bakinsa ya nemi a koya masa. A maganar harshe kuwa, ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, Zaidu kuma ya iya shi cikin kusan rabin wata. An ba matashi aiki na gaske, an nuna masa amfaninsa, ya tashi ya yi.

Me malami zai yi a aji?

Ga abubuwa bakwai. Babu wanda ke buƙatar lantarki ko kuɗi mai yawa a cikinsu.

Na farko, a dawo da muɗala'a. Kafin ka fassara darasin gobe, ka ba su shi yau. Kowane yaro ya karanta a gida ya raba kalmomin kashi uku: waɗanda ya sani, waɗanda yake zato, da waɗanda suka gagare shi. Gobe ka fara da kashi na biyu: me ka yi zato, kuma me ya sa? Ko zatonsa bai dace ba, ka yaba masa dalilin in yana da kyau. Yaron da ya zo da tambaya a ransa, amsar tana zama. Wanda aka ba amsa bai tambaya ba, tana zubewa a bakin ƙofa.

Na biyu, a koyar da ƙamus kamar yadda ake koyar da alwala, a aikace. Ɗalibai da yawa suna gama sakandare ba su san ƙamus na Larabci ba ya bin kalma yadda take, yana bin asalinta ne. Mai neman istagfara sai ya cire ƙari ya koma ga gafara. Mai neman mustaƙim zai same ta a ƙarƙashin ƙaf, waw, mim. Mizan tana ƙarƙashin waw, zayun, nun, domin ya'un da ke cikinta asalinta waw ce. Ittaƙa tana ƙarƙashin waw, ƙaf, ya. Ka ga nan sarfun da ya haddace ya samu aikin yi. Sannan a nuna musu cewa Mu'ujamul Wasiɗ da Misbahul Munir suna bin harafin farko na asali, shi kuwa Ƙamusul Muhiɗ da Lisanul Arab harafin ƙarshe suke fara bi, sannan na farko. Minti goma a kowane mako ana tseren nemo kalma ya isa. Ko ƙamus ɗaya ne a makarantar, a riƙa zagayawa da shi.

Na uku, a nuna wa yaro jarin da ya zo da shi daga gida. Bahaushe ba ya shiga ajin Larabci hannu sake. Alƙalami, littafi, darasi, labari, lokaci, lafiya, alƙali, hukunci, duka daga Larabci suke. Ka sa su tara irin waɗannan da kansu, su nemo asalin kowace. Amma ka gargaɗe su cewa wasu sun sauya ma'ana a hanya: shagali a wurinmu biki ne da annashuwa, shugul kuwa a Larabci aiki ne. Zato yana buɗe hanya, ƙamus ke tabbatarwa.

Na huɗu, a janye wasali sannu-sannu. Yaron da ya saba da littafi mai cikakken wasali, in ka jefa shi cikin marar wasali rana ɗaya zai nutse. Ka ɗauki sakin layin da suka riga suka karanta, ka rubuta shi a allo ba wasalin ƙarshen kalmomi, su sa da kansu, kowa ya faɗi dalilinsa. Bayan makonni ka cire sauran. Daga nan ka kawo sakin layin da ba su taɓa gani ba amma mai sauƙi. Ƙisasun Nabiyyin na Abul Hasan Nadawi ya dace da wannan aiki, domin don yara aka rubuta shi, jumlolinsa na farko gajeru ne, suna ƙara tsawo a hankali. Labaran yara na Kamil Kilani ma haka.

Na biyar, kada ka gyara abin da yaro zai iya gyarawa. In ya rubuta jumla ya yi wa fa'ili nasabi, ja layi a ƙarƙashin kalmar ka mayar masa. In bai gane ba, ka rubuta harafi ɗaya a gefe: nun in kuskuren nahawu ne, sad in na sarfu ne, alif in na imla'i ne. In har yanzu bai gane ba, ya tambayi na kusa da shi. Kai ne na ƙarshe. Jan biron da ke gyara komai yana gajiyar da malam, yaron kuma maki kawai yake dubawa ya rufe littafi.

Na shida, muzakara a ƙananan rukunai. Zarnuji a Ta'alimul Muta'allim ya ƙarfafa tattaunawa tsakanin ɗalibai, har ya fifita amfaninta a kan maimaitawa zalla. Ya kuma ba da tsarin bita: darasin jiya sau biyar, na shekaranjiya sau huɗu, a yi ta ragewa har zuwa ɗaya. Ka raba aji mutum biyar-biyar, ka gauraya mai ƙarfi da mai rauni, kowa da aikinsa: mai karantawa, mai ƙamus, mai i'irabi, mai fassara, mai rubuta abin da ya gagari rukunin. Kowane mako a sauya, don kada mutum ɗaya ya zama ƙaramin malam sauran su koma 'yan kallo.

Na bakwai, kowane ɗalibi ya riƙe ɗan littafi na kansa, dabam da na kwafar darasi. Ranar Laraba, kafin hutun Alhamis da Juma'a a Islamiyya, ya amsa tambaya uku: me na iya a makon nan wanda da ban iya ba? Me ya gagare ni? Me zan yi a kansa? Da farko ya rubuta da Hausa, daga baya ya fara cusa Larabci, ko layi biyu ne. A cikinsa zai rubuta abin da ya zaɓa ya karanta don kansa, ko labari ko hadisi daga Arba'una. Ka ba shi zaɓi tsakanin abu biyu ko uku da ka tantance. Abin da yaro ya zaɓa da kansa ya fi riƙe shi da daraja.

Uzurorin da na sani

Za a ce aji ya cika, yara sun fi ƙarfin malami ɗaya. Gaskiya ne, kuma wannan hujja ce a kan hanyar da muke kai yanzu. Malamin da ke son komai ya bi ta bakinsa, darasin minti arba'in ba zai ishe shi sauraron ko kwatan ajin ba. In akwai rukunai, kowane yaro zai buɗe baki a kowane darasi.

Za a ce manhaja tana da yawa, ga jarrabawar NBAIS ko WAEC ko NECO na tafe. To a wata na farko tafiyar za ta yi nauyi, wannan babu musu. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a zauren jarrabawa za a kawo masa nassin da bai taɓa gani ba, a ce ya rubuta insha'i, kuma malam ba ya kusa. Wanda ya saba fama shi kaɗai shi ne ba zai firgita ba.

Za a ce yara za su raina malamin da ba ya ba da amsa nan take. Wannan ya danganta da yadda aka yi. Ka gaya musu tun farko dalilin abin da kake yi. Kuma ba sakin su aka ce ka yi ba. Uwa mai koya wa ɗanta tafiya tana sakin hannunsa ne tana tsaye a gabansa. Aikin malami a wannan tsari ya fi na da yawa: shi zai zaɓo nassin da ya dace da matakinsu, ya san wanda ke buƙatar taimako da wanda ke buƙatar a ƙyale shi ya ɗan sha wuya.

Ga iyaye da ɗalibai

Iyaye, ku sauya tambaya. Maimakon "na nawa ka zo?", ku ce "karanta mini wannan, me yake cewa?" Ko ba ku iya Larabci ba, yaron da ya san za a saurare shi a gida yana shiri. In kuna da hali, ƙamus ɗaya a gida ya fi kayan walima amfani. 'Ya'ya mata kuma kada a bar su baya. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma tsarinta na 'yan taru a kan wannan aka gina shi: a koyar da jaji har ta iya, ta koma garinsu ta koyar da wasu ba tare da malamar tana kusa ba.

Ɗalibai, ku kuma ga naku. Wayar da ke hannunku tana iya ɗaukar ƙamus, tana iya naɗar muryarku. Ka karanta sakin layi ka naɗa, ka saurari kanka, za ka ji lahanin da ba ka ji lokacin da kake karantawa. Ka saurari huɗubar Harami ka rubuta kalma biyar da ka kama. Amma kada ka miƙa wa manhajar fassara aikin da ƙwaƙwalwarka ya kamata ta yi, domin ka sauya malam da waya ne kawai, dogaron yana nan. Ka yi naka ƙoƙarin tukuna, sannan ka duba. In ka zo wurin malam, kada ka ce "ban gane ba" ka yi shiru. Ka ce: na gane daga nan zuwa nan, na duba kalma kaza na samu ma'ana biyu, ban san wadda ta dace ba. Wallahi babu malamin kirki da ba ya farin ciki da irin wannan tambaya.

Ga aikin da nake roƙon kowane malamin harshe ya gwada a wannan mako: ka zaɓi layi biyar da ɗalibanka ba su taɓa gani ba, daidai ƙarfinsu, ka ba su minti goma sha biyar da ƙamus, kai kuma ka kame bakinka kana zagayawa. Abin da za ka gani shi zai nuna maka inda za ka fara.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa wa 'ya'yanmu albarka, ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Allah ne mafi sani.